Mashayar Unguwa ko Gidajen Talakawa: Wa Ke da Ta Cewa a Kan Filin Gari?

Wanda bai samu zuwa wurin taro ba, ga jawabin a rubuce. Ya karanta, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa da bai iya boko ba.

Yau zan ɗauke ku mu tafi nesa, har ƙasar Ingila, mu kalli wata rigima da ta daɗe tana raba kan mutanen unguwanni da ƙauyuka a can. Rigimar a kan mashaya ce, wato gidan da suke taruwa suna shan barasa, wanda su suke kira "pub". Wasu na cewa a rushe tsoffin mashayun a gina gidaje masu sauƙin haya, wasu na cewa a bar musu wurin taronsu.

Na san wani zai ce: "Malam, mu da ke neman ruwan sha da takin zamani, me ya haɗa mu da gidan giyar Turawa?" Tambayar tana kan hanya. Ban zo yabon barasa ba, kowa ya san matsayinmu a kanta. Na ɗauko labarin ne saboda abin da ke ƙarƙashinsa: fili ɗaya, buƙata biyu, da hukumar da aka zaɓa don ta raba gardama. Wannan kuwa babu garin da ya kuɓuta daga gare shi. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Da farko ku fahimci abin da mashaya take a wurin Bature ɗan ƙauye. A yawancin ƙauyukan Ingila sanyi da ruwan sama ba sa barin mutum ya zauna a gindin bishiya ko ƙofar gida. Saboda haka abin da dandali yake yi mana, da rumfar mai shayi, da zauren mai unguwa, duk a mashaya suke yin sa. A can ake cin abincin ranar Lahadi, a can ake taruwa bayan jana'iza, a can ƙungiyar ƙwallo ke yin taronta, a can tsohon da matarsa ta rasu yake samun wanda zai gaisa da shi. A wasu ƙauyukan da kanti ya rufe, gidan waya ya rufe, mashayar ce ta ɗauki aikinsu. Tun a 2001 Yarima Charles, wanda yanzu shi ne sarkin Ingila, ya assasa wani shiri na taimaka wa mashayun ƙauye su riƙa sayar da kayan masarufi da karɓar wasiƙu da ajiye littattafan karatu. To ranar da irin wannan gida ya rufe, ƙauyen ya rasa inda zai haɗu.

Me ya sa suke rufewa?

A shekarar 2000 akwai mashayu kusan 60,000 a Birtaniya. Kafin 2019 sun koma ƙasa da 50,000, kuma har yau raguwa suke yi. Dalilan suna da yawa. A 2007 an hana shan taba a cikin wuraren taruwar jama'a a Ingila. Manyan kantuna suna sayar da abin sha da araha, mutane suna saye su tafi gida. Matasa da yawa sun rage sha. Haraji ya yi nauyi. Annobar korona ta 2020 ta sa an kulle su watanni, sannan kuɗin wuta da gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022.

Amma akwai dalilin da ya fi waɗannan ƙarfi, shi ne darajar ƙasar da ginin yake kai. Mashayu da yawa ba na wanda ke tsaye a ciki yana hidima ba ne. Na manyan kamfanoni ne masu ɗaruruwan gidaje, suna ba da su haya. Idan kamfani ya yi lissafi ya ga cewa filin zai fi kawo kuɗi in an gina benen haya a kansa, to ko mashayar tana cika tana batsewa kowane dare, sayarwa ta fi masa riba.

Yanzu ku juyo ku ji ɗaya ɓangaren, domin su ma suna da gaskiyarsu. A 2024 iyalai kusan miliyan 1.3 ne suke kan layin jiran gidan hukuma a Ingila. A shekarar nan kuma iyalai fiye da 100,000 suna zaune a masaukin wucin gadi, tare da yara fiye da 150,000. Wasu ɗaki ɗaya ne da uwa da 'ya'yanta, ana ta yawo da su daga wannan masauki zuwa wancan. Tushen matsalar yana da tsawo. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba masu haya a gidajen hukuma damar sayen gidajen da rangwame. An sayar da kusan miliyan 2 a Ingila, ba a kuma gina madadinsu da yawan da aka sayar ba. Gwamnatin da ta hau a 2024 ƙarƙashin Keir Starmer ta yi alkawarin gina gidaje miliyan 1.5 cikin shekara biyar. Gidan nan kuwa sai an samu ƙasar da za a ɗora shi.

To ku sa kanku a kujerar kansila. A hannun dama ga tsofaffi da matasan unguwa suna cewa kada a rushe wurin taronsu. A hannun hagu ga matar da ke da 'ya'ya uku ba ta da ɗakin kanta. Duk wanda ya ce muku hukuncin nan mai sauƙi ne, bai zauna ya yi tunani ba.

Yadda ake yanke hukunci a can

Tun daga 1947 doka a Ingila ta ce mallakar fili ba ta ba mutum ikon gina abin da ya ga dama a kai. Sai ya nemi izini daga majalisar ƙaramar hukuma. Idan ya shigar da takarda, hukuma tana sanar da maƙwabta, ko ta manna sanarwa a jikin wurin, a ba jama'a kwana 21 su rubuto ra'ayinsu. Zanen ginin da takardun mai nema suna nan a buɗe, kowa na iya dubawa a intanet. Idan maganar ta yi zafi, sai a kai ta gaban kwamitin kansiloli, a zauna a bainar jama'a. A majalisu da yawa ana ba mai goyon baya da mai adawa kamar minti uku-uku su yi magana. Daga nan kansiloli su kaɗa ƙuri'a, kowa yana ganin wanda ya ɗaga hannu.

Kada ku ɗauka tsarin ba shi da aibi. Idan aka hana mai kuɗi izini, yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa wurin sufeton gwamnati. Idan kuwa aka ba shi izini, mutanen unguwa ba su da irin wannan dama, sai dai su tafi babbar kotu, inda kuɗin lauya kaɗai ya isa ya karya su. Kafin 2017 kuma akwai wata kafa a dokar: mai mashaya na iya mai da ita kanti, a lokuta da yawa ma ya rushe ta, ba tare da neman cikakken izini ba. Ta wannan kafa mashayu da yawa suka zama rassan manyan kantuna. Sai da mutane suka yi shekaru suna matsa wa 'yan majalisa, tare da wata ƙungiyar masu kare mashayu da ake kira CAMRA wadda aka kafa a 1971, kafin a toshe kafar a watan Mayun 2017. Daga lokacin, rushewa ko canza aikin mashaya a Ingila sai da izini.

Labarin ginin da aka rushe, aka ce a mai da shi

A arewa maso yammacin Landan akwai wata mashaya mai suna Carlton Tavern. An gina ta a wajajen 1921 a gurbin wata da bam ɗin Jamusawa ya rusa a 1918. Da aka zo yaƙin duniya na biyu, bama-bamai suka cinye layin, ita ta tsira. Wani kamfanin gine-gine ya saye ta, ya nemi izinin rushewa don ya gina bene na gidaje. Majalisar Westminster ta ƙi. Ana cikin shirin sa ginin a jerin gine-ginen tarihi da doka ke karewa, sai a watan Afrilun 2015 aka wayi gari motocin rusau sun shigo sun kwantar da shi, babu izini, babu sanarwa.

Lissafin a bayyane yake, kuma ku ma kun san irinsa: a rushe tukuna, in ya so a biya tara, tunda abin da ya faɗi ya riga ya faɗi. Mutanen unguwa ba su yarda ya zama ihu bayan hari ba. Suka yi ta zanga-zanga da rubuce-rubuce, suka tsaya a kan kansilolinsu. Majalisar ta ba da umarnin da ba a saba ji ba: a sake gina mashayar yadda take, tubali bayan tubali. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, sufeton gwamnati ya tabbatar da umarnin a 2016. Abin da ya taimaka shi ne, kafin rusau ɗin, ma'aikatan hukumar kula da kayan tarihi sun riga sun auna ginin sun ɗauki hotunansa, saboda haka babu wanda zai ce an manta kamanninsa. A watan Afrilun 2021, shekara shida bayan rushewa, aka sake buɗe ta.

Irin haka ta sake faruwa a tsakiyar Ingila, kusa da garin Dudley. Akwai wani gini na 1765 da ake kira Crooked House, wato karkataccen gida, domin haƙar ma'adinai a ƙarƙashinsa ta sa gefe ɗaya ya nutse fiye da mita guda. An sayar da shi a watan Yulin 2023. Ranar 5 ga Agusta gobara ta cinye shi, bayan kwana biyu aka kwashe abin da ya rage. A watan Fabrairun 2024 ƙaramar hukumar yankin ta ba da umarnin a sake gina shi cikin shekara uku, masu shi kuma suka ɗaukaka ƙara.

Darasin da ke nan shi ne, tarar da ba ta kai ribar laifi ba, kuɗin shiga ce kawai ga mai hali. Zai sa ta cikin lissafin siminti da ƙarfe ya wuce. Ranar da hukuma ta ce "mai da shi yadda ka same shi", ranar ce masu niyyar yin haka suka fara tunani sau biyu.

Labarin unguwar da ta sayi wurinta

A 2011 majalisar dokokin Birtaniya ta yi wata doka ta ba unguwanni ƙarfi. A cikinta akwai tanadin da ya ce mutum 21 masu rajistar zaɓe a yanki za su iya haɗuwa su nemi a rubuta wani wuri a matsayin kadarar da ke da amfani ga al'umma. Yana iya zama mashaya, ko filin wasa, ko ɗakin karatu, ko kantin ƙauye. Idan hukuma ta amince, sunan wurin zai zauna a rajista shekara biyar. Duk ranar da mai shi ya so sayarwa, dole ya sanar. Jama'a na da mako shida su ce suna so, sannan a dakatar da cinikin har wata shida don su nemo kuɗi.

Wurin farko da aka saya ta wannan hanya shi ne Ivy House, a unguwar Nunhead da ke kudancin Landan. An rufe ta a 2012 bayan an sayar wa wani mai son mai da ita gidaje. Mutanen unguwa suka sa ta a rajista, suka samo rance da tallafi, suka saye ta a 2013 a kan fam 810,000. Sannan suka sayar da hannun jari ga junansu, mutum fiye da 300 suka tara sama da fam 140,000 na gyara da jari. Tun kafin dokar ma, a 2003, mutanen wani ƙauye mai suna Hesket Newmarket a arewacin Ingila, su fiye da 100, sun haɗa kuɗi sun sayi mashayar ƙauyensu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan ba sai an koya wa Bahaushe mai adashi ba.

Sai dai in faɗa muku inda dokar ta gaza, don kada ku ce na ɓoye. Dokar tana ba da lokaci, ba ta ba da kuɗi. Kuma ko jama'a sun tara kuɗin, mai wurin ba dole ne ya sayar musu ba. Wata shida na cika, yana iya sayar wa wanda ya ga dama. Unguwar da ke da lauyoyi da akantoci da masu albashi mai tsoka tana iya tara dubban fam cikin wata shida. Unguwar leburori ba ta iyawa. Ga shi kuwa su ne suka fi buƙatar wurin taro, domin gidajensu ne ƙanana.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa. Ba duk mai ihun "a bar mana mashayarmu" ne yake shiga cikinta ba. Wasu shekara goma ba su taka ƙofarta ba. Abin da ba sa so shi ne a kawo musu talakawa maƙwabta, ko a tare musu iska, ko darajar gidansu ta sauka. Suna son a gina gidaje, amma a bayan gidan wani. Kansila mai adalci dole ya iya bambanta mai kare wurin taro da mai fakewa da guzuma yana harbin karsana.

Kalmar "mai sauƙin kuɗi"

Yanzu mu zo kan kalmar da ake cin kasuwa da ita. Mai gini yakan zo ya ce: "Ku bar ni in rushe, zan gina gidaje masu sauƙin kuɗi." Wa zai ƙi? Amma sauƙi ga wa?

A Ingila akwai hayar gidan hukuma ta asali, wadda a wurare da yawa ba ta wuce rabin hayar kasuwa ba. A 2011 aka shigo da wani sabon rukuni, aka sa masa suna haya mai sauƙi, aka ce tana iya kaiwa kashi 80 cikin 100 na hayar kasuwa. A birni irin Landan, inda hayar kasuwa ta fi ƙarfin malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya, rage kashi 20 bai mai da gida na talaka ba.

Ga wata dabarar kuma. Ƙarƙashin dokar 1990, hukuma na iya ɗaura wa mai gini sharaɗin ya ware wani kaso na gidajen ga masu ƙaramin ƙarfi. Amma manufar gwamnati ta ce, a mafi yawan wurare, ba a neman wannan daga aikin da bai kai gida goma ba. Filin mashaya kuwa ƙarami ne, sau da yawa gida shida ko takwas ko tara yake ɗauka. Kun ga inda aka dosa: an rushe wurin taro da sunan masu neman gida, an gina gida tara, babu ko ɗaya da matar nan mai 'ya'ya uku za ta iya shiga. A manyan ayyuka kuma mai gini na iya kawo takardar lissafi ya ce in ya cika alkawarin ba zai ci riba ba, sai a rage masa. A unguwar Heygate da ke kudancin Landan an rushe gidajen hukuma kusan 1,200 tsakanin 2011 da 2014. An gina sababbi fiye da ninkinsu, amma waɗanda aka bari a kan hayar hukuma ta asali ba su kai kashi ɗaya cikin goma na waɗanda aka rushe ba.

Haka nan mai mashaya yakan ce: "Ba ta kawo kuɗi, babu mai saye." Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuma da gangan aka bar rufi yana yoyo, aka tsauwala haya, aka sa farashin da babu mai hankalin da zai biya, don a ce an nema an rasa. Shi ya sa tsarin birnin Landan na 2021 ya ce sai an nuna shaidar an yi tallan wurin a matsayin mashaya, a farashin gaskiya, na aƙalla wata 24, kafin a yarda cewa ta mutu.

Akwai inda ake sasantawa: a bar mashaya a ƙasa, a gina gidaje a sama ko a filin ajiye motoci. Wani wuri abin yana tafiya, kowa ya samu nasa. Wani wuri kuma sababbin masu haya su fara ƙarar hayaniya, ko a ce an cinye ɗakin girki da ɗakin mai kula da wurin, bayan shekara biyu mashayar ta mutu da kanta, ƙasan ma ya koma gidaje. Sulhun yana yin kyau ne idan an rubuta sharuɗɗansa dalla-dalla kuma akwai mai bibiya.

Mu dawo gida

Jama'a, mu ma muna da mashaya, sai dai tamu ta dabbobi ce. Muna da burtali, da dandali, da filin ƙwallo, da filin Idi, da gefen makaranta, da bakin maƙabarta, da tsohuwar tasha. Garuruwanmu na bakin iyaka girma suke yi. Fatauci yana kawo mutane, mutane suna buƙatar wurin kwana, matashin da ya yi aure yana son ya fita daga ɗakin zauren babansa. Buƙatar gida gaskiya ce, kuma duk ɗan siyasar da ya ce muku kada a taɓa ko taku ɗaya na ƙasa, yaudararku yake yi. Dole gari ya faɗaɗa, dole a yanka filaye.

Abin tambaya shi ne yadda ake yankawa. Kun fi ni sanin yadda mutum ke kwana da fili a gaban gidansa, ya tashi ya ga an kafa duwatsun awo. Kun fi ni sanin yadda ake cewa "na talakawa ne", sannan a ga takardu uku ko biyar a hannun mutum ɗaya. Turawan da na ba ku labarinsu ba su fi mu son garinsu ba, kuma masu kuɗinsu ba su fi namu tausayi ba. Abin da suka samu, da faɗa suka same shi a hankali: sanarwa kafin aiki, zama a buɗe, rajistar wuraren jama'a, da hukuncin da ya fi ribar laifi. Kuma har yanzu, kamar yadda kuka ji, ana zagaye su. Ina ga inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan?

Saboda haka duk wanda ya zo ƙofar gidanku neman ƙuri'ar kansila ko ta magajin gari, daga kowace jam'iyya yake, har da tamu, ku zaunar da shi a tabarma ku yi masa tambayoyi biyar.

Ta ɗaya: za ka yarda a rubuta dukan filayen jama'a na garin nan a rajista guda, da iyakokinsu, a manna a ofishin magajin gari, a ba mai gari da masu unguwanni kwafi? Ku tuna abin da ya ceci Carlton Tavern shi ne an auna an rubuta tun kafin a rushe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta biyu: kafin a taɓa ɗaya daga cikinsu, kwana nawa za a ba mu, kuma za a yi shela da Hausa a rediyo da kasuwa da ƙofar masallaci, ko sai takarda da harshen da mutum ɗaya cikin goma ke karantawa?

Ta uku: zaman da za a yanke hukunci, za a bar mu mu shiga mu yi magana, mata da makiyaya da matasa, mu kuma ga wanda ya ɗaga hannu?

Ta huɗu: idan aka ce filaye ko gidaje na masu ƙaramin ƙarfi ne, jika nawa ne kuɗinsu, guda nawa ne, kuma za a manna sunayen waɗanda suka samu?

Ta biyar: wanda ya gina a kan filin jama'a ba da izini ba, tara zai biya ya zauna, ko zai mai da filin yadda ya same shi?

Wanda ya amsa muku dalla-dalla, ku sa shi ya maimaita a gaban shaidu, ku riƙe maganarsa. Wanda ya fara kame-kame, ya ce ku bari sai an hau, kun riga kun ji amsarsa. Mu da ke adawa yau, in Allah ya ba mu gobe, da waɗannan tambayoyin za ku auna mu, kuma wannan takarda ita ce shaidarku a kanmu. Ku ajiye ta.

Abu na ƙarshe. A dokar Ingila da na ambata, mutum 21 ɗin nan da ke iya kare filin unguwarsu, sharaɗinsu ɗaya ne: sunansu ya kasance a rajistar masu zaɓe. Wanda ba ya ciki, ba a ƙirga shi. Ku duba katinku tun yanzu. Uwar gida ta duba nata, a duba na amarya, a duba na yaron da ya cika shekara 18, a tuna wa ɗan uwan da ya tsallaka ci-rani ranar dawowa. Zaɓen kansila shi ne wanda aka fi rainawa, alhali sa hannun da zai ba da filin ƙofar gidanka daga ofishinsu yake fitowa.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya zaunar da garuruwanmu lafiya, ya ba mara gida gida.